Wanda Ya Zauna a Kan Ƙarshen Labari

Idan ka shiga layin masu buga takardu ka ce kana neman Baba Gam, ba za a nuna maka hanya nan take ba. Sai an fara tambayarka, "Wanne? Wanda ya zauna a kan ƙarshen labari?" Sai an gama dariya tukuna a nuna maka maɗaba'ar da ke jikin shagon mai gyaran fanka, a ce ka wuce inji, ka wuce wuƙar yanka, ka bi warin gam har ƙurya. Abin da ya fi ba shi haushi kuwa, ba sharri aka yi masa ba. Ya zauna ɗin. Makonni ya yi a kai, har yana gaya wa mutane bai taɓa jin daɗin zama irin wannan ba.

Ɗinkin littafi ne sana'arsa, kuma ita kaɗai ya sani. Mahaifin Manajan yanzu ne ya ɗauke shi aiki tun gemunsa bai fito ba, ga shi yau gemun ya yi fari, yana nan a ƙuryar da aka fara ajiye shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Tabaraunsa ƙafa ɗaya ce ta asali, ɗayar zaren ɗinki ne ya zagaya kunne. Yatsunsa kuwa gam ya bushe a kansu shekara da shekaru, har wayarsa ta daina gane su. In kira ya shigo sai ya miƙa wa na kusa ya ce, "Taɓa mini, ni ba ta jin maganata."

Aikin nasa ba wuya a gane shi in ka tsaya kallo. Mai inji yana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya, a ninke ta, a sake ninkewa, ta zama abin da suke kira ninki. Littafi ninki ne a kan ninki. Baba Gam yakan jera su tuli-tuli a kan dogon tebur, daga na farko zuwa na ƙarshe, ya bi yana zarar ɗaya daga kowane tuli, ya haɗa, ya ɗinke da allura da zare, ya shafa gam, ya sa bango, ya danne. A bayan kowane ninki akwai ɗan baƙin ɗigo da inji ke bugawa, na biyu ƙasa da na farko kaɗan, na uku ƙasa da na biyu. In an haɗa daidai, sai ɗigon su sauko kamar matakala. Matakalar nan ita ce karatun Baba Gam. In ta sauko lafiya, littafi ya cika.

Don shi ba ya karanta abin da yake ɗinkawa. Ba rashin iya karatu ba ne, ƙa'ida ce. "Kayan mutane ne," in ji shi. "Kun taɓa ganin tela ya sa rigar da aka kawo masa ɗinki ya tafi yawo?" Littattafan lissafi sun wuce ta hannunsa, da na addu'o'i, da na soyayya masu bangon da yakan kifa kafin ya sa hannu, bai san abin da ke cikin ko ɗaya ba. Kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo da littafi aka ce ya juya shafi ko ya tsallake ba. Da wannan yake taƙama, da shi kuma yake riƙe da bencinsa, don Manaja ya daɗe yana kallon hoton wani inji a wayarsa, wanda aka ce yana manne littafi kafin mutum ya ajiye kofi. Kunyar tsohon ce kawai ta hana shi saye, da kuma rashin dalili.

Sai ga Malama da littafinta. Malamar labarin ƙasa ce a makarantar da autar Baba Gam take karatu, siririya mai sanyin murya, irin mutanen nan da ke ba da haƙuri ko su aka taka. Littafinta na farko ke nan, don matasa ta rubuta shi, kuma tsohuwar tatsuniya ta ɗauko ta sauya mata riga. Tatsuniyar kowa ya san ta, babu wanda kakarsa ba ta sa shi kuka da ita ba: 'yar wani mai kwalekwalen fito, wadda kogi ya haɗiye ƙanenta, ta shiga ruwa ta ba da kanta fansa, yaro ya fito, ita ba ta fito ba. Nan kakanni suke tsayawa, su share hawaye su ce kowa ya watse. Malama ta ɗauki wannan ɗan guntun labari ta gina masa birni guda a ƙarƙashin kogi, mai tituna da kifaye masu haske ke haskawa, da sarauniyar ruwa mai tara inuwar mutane a cikin tulu, da wani saurayi mai gashin gansakuka da ke bin yarinyar duk inda ta sa ƙafa.

An gama buga komai, an ninke, an jera, sai ga ta da safe tana haki, da 'yan takardu a hannu.

"Manaja, don Allah ka yi haƙuri. Ba zan iya barin ta a can ba."

"Wa?"

"Yarinyar. Ko abinci zan ci sai in ji ta a ƙasan ruwa. Na ƙara babi ɗaya, ɗan ƙarami ne. Ta fito."

Manaja ya dafe kai, Mai inji ya yi tsaki a ɓoye, amma wa zai iya yi wa Malama faɗa? Aka buga babin a gurguje, ɗan siririn ninki mai ganye huɗu, aka naɗe shi ƙunshi biyu a takarda mai ruwan ƙasa. Cikin gaggawar nan Mai inji ya manta bai sa masa baƙin ɗigo ba.

Baba Gam ya buɗe ƙunshi na farko ya ɗinke rabin littattafan lafiya lau. Ana nan lokacin jarrabawa ya zo, makarantu suka yi wa maɗaba'ar dirar mikiya, aka kwashe kayan Malama aka tura ƙarƙashin tebur don a sami fili. Duƙe-duƙen aikin jarrabawa kuwa ya kama wa Baba Gam baya, ga bencinsa gajere, in ya zauna sai gwiwoyinsa su kusa gaisawa da haɓarsa. Ran nan yana neman abin da zai ɗaga zama da shi, ya ga wani ƙunshi a jingine da bango, shimfiɗaɗɗe, mai tauri daidai, ba rubutu a jikinsa. Ya ɗauka farar takarda ce ta ajiya. Ya aza a benci, ya rufa tsohon tawul, ya zauna. Nan take baya ya saki. Har da lumshe ido.

Da aka koma kan littafin Malama, ya jawo tulin ninkin ya jera, ya duba matakala, ta sauko tsaf ba gurbi. Ya leƙa shafin ƙarshe, ba don karatu ba, don ganin ko rubutu ya ƙare: rabinsa fari ne, da ɗan zanen fure a ƙasa. Me ya rage? Ya ci gaba da ɗinki. Gaskiya ya lura bango yana ɗan yi wa littafin yawa, kamar rigar aro, amma sai ya ɗora laifin a kan 'yan kasuwa. "Takardar zamani ta rame," ya ce wa Mai inji. Mai inji ya ce ƙwarai kuwa. Aka zuba ɗinkin farko da na baya cikin kwalaye a cakuɗe, aka kai shaguna.

Shi kansa an ba shi kwafi ɗaya kyauta, ya kai gida ya miƙa wa Inna, uwar 'ya'yansa, don ita ce mai karatun gidan. Takan karanta da motsin leɓe, tana yi wa mutanen cikin littafi faɗa kamar suna tsakar gidanta. Auta kuwa ba ta jira na gida ba, na ƙawarta ta ara a makaranta ta cinye shi a ƙarƙashin benci.

Akwai wani zaure na masu karatu a waya, inda kowa ke ba littafi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya faɗi ra'ayinsa. Baba Gam ba ya ciki, yatsunsa ma ba za su bar shi ba. Amma Auta tana ciki tsundum, kuma wata ranar hutu da la'asar, suna zaune a inuwar baranda, ta fara karanto musu abin da ake faɗi.

"Ku ji wannan, wai shi Tsohon Ɗalibi: 'Allah ya yi wa marubuciyar nan albarka. Ta yi ƙawa, ta yi ado, amma ba ta taɓa ƙarshen da kakanninmu suka bari ba. Taurari biyar.' Sai wata ta ce: 'Tauraro ɗaya, shi ma don bangon ne. A sa mutum ya bi yarinya har ya saba da ita, sannan a kashe masa ita?' Sai wani ya amsa mata: 'Wa aka kashe? Ke kin karanta kuwa, ko hoton bango kika kalla?'"

Haka dai ake ta yi. Wata ta ce inda yarinyar ta ɓullo daga ruwa da tulun inuwa a ka, ihu ta yi har mahaifiyarta ta shigo da gudu. Aka ce mata a mafarki ta karanta wannan. Wani ɗalibin jami'a ya rubuta dogon bayani cewa duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, wai mutuwar fita ce, fitar kuma mutuwa ce, aka tambaye shi shafi nawa ya gani, ya ce shi bai kai ƙarshen ba tukuna. An fitar da mutum uku daga zauren saboda baƙar magana. Wasu 'yan mata biyu, 'yar wa da 'yar ƙani, sun daina gaisawa. Kowa ya tabbata ya karanta da idonsa, don haka babu wanda ya ga dalilin aza littafinsa kusa da na abokin gardamarsa. Abu ɗaya tak aka haɗu a kai, yaro da babba: saurayin nan mai gashin gansakuka ba shi da amfanin komai. "Shi dai ya tsaya yana kyau," in ji wata.

Inna ta girgiza kai. "Yaran yanzu da musu. Ai ta mutu, baiwar Allah. Ni da na yi kuka har girki ya kama."

"Inna, ba ta mutu ba."

"Ke, ni za ki koya wa karatu? Ta nutse, ruwa ya rufe, fure a ƙasa."

Auta ta tashi da sauri ta ɗauko na gidan, ta buɗe baya don ta nuna wa uwarta. Ta juya shafi, ta juya bango, ta girgiza littafin kamar wani abu zai faɗo.

"Ina sauran?"

Kofin shayin Baba Gam ya tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai koma ƙasa ba.

"Wane saura?"

"Babin ƙarshe, Baba. Inda ta fito."

Ya ajiye kofin. Ya sa ta ɗauko na ƙawarta daga jaka. Bai buɗe ko ɗaya ba, ya dai riƙe su a hannu biyu, ya duba samansu, ya bi ninkin da farce. A bayan na ƙawar akwai wani ɗan siriri da babu shi a na gidan. Sai a lokacin ya tuna Malama tana haki da takardu a hannu. Auta ta dube shi, ta dubi littattafan, yarinya ce mai kai, ta ce a hankali, "Baba, kai ne?" Inna ta ce, "Ke, tashi ki kwashe kwanukan nan."

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan inji, ya zazzage buhun tarkacen takarda har ƙasa. Ya hau kan gwangwanin gam ya leƙa saman kanta, babu. Gumi ya jiƙa shi, ƙafafunsa suka gaji, ya ce bari ya zauna ya yi tunani. Ya zauna. Ya ɗan gyara zama kamar yadda ya saba. Sai ya tuna da abin da ke ƙarƙashin tawul. Sannan ya miƙe a hankali, kamar wanda aka ce masa akwai kunama a ƙarƙashinsa, ya yaye tawul. Ƙunshin yana nan, har ya yi ɗan kwari a tsakiya daidai mazaunin mai shi. Ya yage gefe da farce. A karo na farko a rayuwarsa ya karanta kayan mutane, kalma uku kacal: Babi na Ƙarshe.

Kada a ce zuciya ba ta raya masa komai ba. Buhun tarkace yana nan a buɗe, masu sayen tsohuwar takarda kuma ba sa tambaya. In magana ta fito daga baya, ga Mai inji da bai sa ɗigo ba, ga hayaniyar jarrabawa, laifi zai rarrabu har ya ɓace. In kuwa ya faɗa da bakinsa, ya miƙa wa Manaja dalilin da ya daɗe yana nema ke nan, kuma mutum mai farin gemu da yatsun gam ba ya da inda zai je ya fara sabuwar sana'a. Ya tura ƙunshin bayan gwangwanaye, ya koma kan gajeren bencinsa. Baya ya dawo da ciwo, har da ƙari. Kwanakin nan in aka sa masa abinci sai ya juya cokali ya ture. Inna tana gani, ba ta tambaya ba, sai dai ta ƙara masa sukari a shayi.

Auta ce ta kawo ƙarshen abin, ba da niyya ba. Ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka ba sallama mai ƙarfi. Ta ce Malama ta shigo aji idonta a kumbure. Wata ta tambaye ta yaushe littafi na biyu zai fito, ta ce babu na biyu. Wai ta fita daga zauren tun zagin farko, amma ana turo mata, kuma ta gane abu ɗaya: in mutum ya rubuta cewa yarinya ta fito daga ruwa, rabin masu karatu suka ce ta mutu, to bai iya rubutu ba, gara ya tsaya a taswira.

"Kin gaya mata?" in ji Baba Gam.

"Ban gaya mata ba, Baba. Ba maganata ba ce."

Da safe ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya tafi aiki da ita, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauko ƙunshin ya aza a teburin Manaja.

Manaja yaro ne da ya girma yana wasa da guntayen takarda a ƙafar Baba Gam, amma ran nan muryarsa har titi. "Rabin bugu, Baba Gam! Rabi! Sunan maɗaba'ar nan fa ke jikin bango! A ina ma ka same shi?"

"Ƙarƙashina, ranka ya daɗe."

"Ƙarƙashin tebur?"

"A'a. Ƙarƙashina."

Manaja ya ce a kira Malama, Baba Gam ya gaya mata da bakinsa, in ta tafi kuma akwai maganar da za su yi su biyu.

Ta zo bayan an tashi makaranta, ta ƙara ramewa, tana ba da haƙuri tun daga ƙofa, don ta ɗauka shaguna ne suka dawo da littattafai. Baba Gam ya tsaya a gabanta, hula a hannu, ya yi bayani tiryan-tiryan, bai ambaci ɗigo ba, bai ambaci jarrabawa ba. Ya ce babin ƙarshe bai shiga rabin littattafan ba, kuma shi ne bai sa ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo.

Har inji aka kashe, don Mai inji ma yana so ya ji.

"Baba," ta ce, "kana nufin ba su gani ba?"

"Ba su gani ba, Malama."

"Ba wai sun karanta ne ba su gane ba?"

"Ina za su karanta? Ga shi nan gabanki."

Ta dafa ƙunshin, ta zaro ninki ɗaya ta duba. Sai ta zauna a kan tulin kwalaye, ta saki wata ajiyar zuciya da ta ɗaga takardun kan tebur. "Wayyo Allah na gode maka. Baba, ka san sau nawa na karanta babin nan ina neman inda na kasa? Har na ba maƙwabciyata ta karanta a gabana, na ce mata, tsakaninki da Allah, yarinyar nan ta fito ko ba ta fito ba? Ta ce ta fito. Na ce kunyata kike ji." Tana magana tana share ido. Can ta lura da kwarin da ke tsakiyar ƙunshin, ta shafa shi. "Me aka aza a kai haka?"

Baba Gam ya yi gyaran murya. "Ni aka aza, Malama."

Wanda bai ga Malama tana dariya ba ran nan, bai san ta ba. Mai sanyin muryar nan ta riƙe ciki, ta duƙa, ta ɗago, ta sake duƙawa. Mai inji ya fita waje da gudu don kada a ce da shi. Manaja ya yi ta maza ya tsuke fuska, ya juya ya fuskanci bango kamar yana duba kalanda, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Da aka natsu ya juyo ya ce, "Za ka iya sa shi ba tare da ka lalata bango ba?"

"In an kawo mini, zan iya. Sai dai ɗaya bayan ɗaya."

"To ɗaya bayan ɗayan. Kuma ba a lokacin aikina ba."

"Maganar da ka ce za mu yi fa, ranka ya daɗe?"

Malama ta riga shi. "Manaja, na biyun ma nan zan kawo. Amma Baba ne zai ɗinka, kuma ni zan zo in duba bencinsa kullum."

Manaja ya dubi tsohon, ya dubi rigar fita unguwar da ya sawo don a sallame shi cikin mutunci, ya kau da kai. "Je ka cire rigar nan kafin gam ya ɓata ta."

Baba Gam ya ce a ransa bai san iska tana da daɗi haka ba. Ya koma ƙuryarsa ya zauna a gajeren benci, gwiwa a haɓa, ya ji kamar a kan katifa yake.

Aka sa sanarwa a zauren cewa duk wanda littafinsa ya ƙare a kan fure ya kawo a cika masa. 'Yan zauren suka tuna abin da suka faɗa wa juna, aka shiga neman gafara. Ɗalibin jami'ar nan ya ce dama abin da yake nufi ke nan.

Kowace yamma bayan an tashi aiki, Baba Gam yakan fito da ɗan tebur bakin ƙofa, layi ya miƙe har gaban shagon mai gyaran fanka. Yakan ɗaga bangon baya da bakin wuƙa a hankali, ya zura siririn ninki, ya ɗinke, ya shafa gam, ya ce a danne shi da wani abu mai nauyi zuwa safe. "Ko mu zauna a kai, Baba?" in ji yaran. Ya yi kamar bai ji ba. Mutumin da bai taɓa sanin ra'ayin mai karatu ba, ga shi masu karatu sun kewaye shi suna zuba masa ra'ayi a kunne. Wannan ta ce tsakiyar littafin ya yi tsawo, kifaye sun yi yawa. Wancan ya ce sarauniyar ruwa ta fi kowa hankali, a ba ta littafinta daban. Mai tauraro ɗayan nan ta zo da kanta, ba ta jira gam ya bushe ba, ta tafi tana karatu a hanya har ta yi karo da turken lantarki, ta ba shi haƙuri ta wuce. Wata kuma ta matso ta rage murya. "Baba, tun da ka riga ka buɗe, don Allah cire mana saurayin nan." Ya ce, "'Yata, an ce mini yana cikin kowane ninki. In na cire shi bango za ki koma da shi gida."

Tsohon Ɗalibi ma ya zo, ashe wani dattijo ne mai sanda da ya yi ritaya daga gidan waya. Ba gyara ya kawo ba, ya zo ne ya faɗa da bakinsa cewa kada a kuskura a taɓa masa nasa. Amma ya karɓi ninki ɗaya ya karanta a tsaye, ya goge tabarau ya sake karantawa. "Ta ɓata tatsuniya," ya ce. "Na janye taurari biyu." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Ba ni ɗaya dai in sa a aljihu. Jikata ba ta son kuka."

Na Inna ne ya fi wuya. Ta ɓoye littafinta ta ce ita ta riga ta yi kukanta, wa zai mayar mata da hawayenta da girkin da ya kama? Sai da Auta ta sato shi aka cika. Ta karanta a baranda, da ƙarfi wannan karon, Baba Gam yana gefe yana gyaran zaren tabarau, wai shi ba saurara yake ba, kuma ji ai ba karatu ba ne. Da ta kai inda yarinyar ta dafa bakin kwalekwalen ubanta, Inna ta rufe littafin ta ce, "Dama na san 'yar nan ba mai zama ba ce." Auta ta ce, "Baba, kai taurari nawa ka ba shi?" Ya ci gaba da fama da zaren da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Ta dai daɗe a ruwan nan."

Yana nan har yau a ƙuryarsa. Ya ɗinke littafi na biyun, Malama kuma ta cika alkawari, sai da ta leƙa ƙarƙashinsa kafin ta karɓi kaya. Manaja ya kafa doka, ba a ajiye naɗaɗɗen abu kusa da Baba Gam, ko burodi ne. Tsokanar layin kuwa ba ta ƙare ba, kuma ba alamar za ta ƙare. Kwanan baya ya je shan shayi da safe, benci cike da masu buga takardu, mai shayin ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A'a, Baba Gam! Tashi mu duba tukuna kafin ka zauna. Yau kuma 'yar wa za ka kashe mana?"

Baba Gam ya zauna abinsa, ya karɓi kofi, ya hura, ya kurɓa, sai da dariya ta lafa.

"Ni ban kashe kowa ba," ya ce. "Malama ce ta jefa ta a ruwa, ni jinkiri kawai na yi. Kuma duk garin nan ka nuna mini wanda ya tsamo yarinya daga kogi sau ɗari-ɗari da allura da zare. Kai ƙudan da ya faɗa shayina jiya ma ba ka tsamo shi ba."